Hannun Mai Karatu a Cikin Ƙirar Sadaukan Littattafan Zane na Amurka

Akwai wani irin adabi da ya tsiro a ƙasar Amurka gab da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda masana suka daɗe suna yi wa kallon raini, suna cewa ai abin yara ne. Shi ne ƙananan littattafan nan masu launi waɗanda a ke ba da labari a cikinsu da zane bi da bi, a rubuta maganar kowane mutum cikin 'yar da'ira bisa kansa. Galibin taurarinsu waɗansu sadaukai ne da aka ba su ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam: wani ya tashi sama kamar shirwa, wani ya ɗaga mota da hannu ɗaya, wani ya hau bango kamar gizo-gizo. A wannan takarda za mu bar sadaukan a gefe, mu dubi mutanen da ke saye su karanta, da irin ra'ayoyin da suka riƙa bayyanawa, da yadda ra'ayin nan ya kutsa har cikin labarin ya sake masa hanya. Gama a ganinmu da wuya a sami wani adabi da aka buga a takarda wanda mai karatu ya sa hannu cikin ƙirarsa kamar wannan.

Mafarin al'amarin sananne ne. A shekarar 1938 wani kamfanin ɗab'i na birnin New York, wanda daga baya ya zama DC Comics, ya fitar da mujallar Action Comics, a bangonta ga wani ƙaƙƙarfa sanye da jar alkyabba ya cira mota sama. Shi ne Superman. Waɗansu samari biyu ne na garin Cleveland suka ƙago shi, Jerry Siegel mai rubutawa da Joe Shuster mai zanawa, suka kuwa sayar wa kamfanin da labarin duk da haƙƙin mallakarsa a kan dala 130. Sent goma a ke sayar da mujallar. Da aka ga kasuwa ta buɗe sai sadaukai suka yi ta ɓullowa kamar farin dango: Batman a 1939, Captain Marvel a 1940, Captain America da Wonder Woman a 1941, da waɗansu barkatai da tuni aka manta da su.

A waɗannan shekaru na farko mai karatu ba shi da bakin magana sai aljihunsa. In ya so sadauki ya saya, in ya ƙi ya bari, kamfani kuwa ya dubi lissafin ciniki ya san inda aka dosa. Da haka aka gane yara suna son ganin ɗan'uwansu yaro a cikin labari, domin da aka haɗa Batman da wani yaro mataimaki mai suna Robin a 1940 ciniki ya ƙaru ƙwarai, sauran kamfanoni suka shiga kwaikwayo. Da haka kuma aka ga Captain Marvel, wanda shi ma yaro ne da ke rikiɗa ya zama ƙato in ya furta wata kalma, ya kere Superman ciniki a tsakiyar shekarun yaƙi. Wasiƙu ma ana samu, amma ba kasafai a kan buga su ba. Joe Simon, wanda shi da Jack Kirby suka ƙago Captain America, ya ba da labarin cewa sa'ad da fitowar farko ta fita da hoton sadaukin yana naushin Hitler, tun Amurka ba ta shiga yaƙi ba, magoya bayan Jamus sun yi ta aiko musu da barazana har sai da 'yan sanda suka zo gadin ofis.

Ra'ayin da ya fara girgiza wannan sana'a kuwa ya fito ne daga manya waɗanda ba su cikin masu karantawa don nishaɗi. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya buga littafi, Seduction of the Innocent, inda ya ɗora wa littattafan zane laifin lalacewar tarbiyyar yara. Ya ce Superman yana koya wa yaro cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya, ya kuma yi wa zaman Batman da Robin a gida ɗaya mummunar fassara. A wannan shekara wani kwamiti na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna ya saurari shaidu, kamfanoni suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tace labarai da dokoki masu tsanani: tilas nagari ya rinjayi mugu, kada a wulakanta ɗan sanda ko alƙali, kada a nuna jini. Sai a 2012 wata malamar jami'a, Carol Tilley, ta binciki takardun da Wertham ya bari, ta iske ya sassauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya haɗa zancen wannan da na wancan, wani lokaci har shekarunsu ya canza. Malaman da ke horon malamai ya kamata su lura da wannan. An yi ta magana da sunan yara masu karatu, alhali abin da yaran suka faɗa da bakinsu dabam ya ke.

Bayan wannan guguwa sadaukai suka ragu sai ƙalilan. Wanda ya farfaɗo da su shi ne wani edita na DC, Julius Schwartz, wanda ya sake ƙera Flash a 1956, da Green Lantern a 1959, ya tara su cikin ƙungiyar Justice League a 1960. Tarihin wannan mutum yana da muhimmanci ga zancenmu. Tun yana saurayi shi da abokinsa Mort Weisinger suna cikin masu sha'awar ƙagaggun labarun kimiyya, sun kuma san juna ne ta shafin wasiƙu na mujallun irin waɗannan labaru, inda a kan buga sunan mai wasiƙa da adireshinsa. A 1932 har sun buga 'yar mujallarsu ta masu sha'awa. Saboda haka da suka zama editoci sun san amfanin wannan shafi. Weisinger, wanda ke riƙe da littattafan Superman, ya buɗe shafin wasiƙu wajen 1958, a 1961 kuwa Schwartz ya fara buga cikakken adireshin masu rubutowa. Wannan ƙaramin abu ne ga ido, amma shi ya haifar da duk abin da ya biyo baya. A da kowane mai karatu yana zaune shi kaɗai a ɗakinsa yana tsammanin ba wanda ya damu da abin kamarsa. Da aka buga adireshi sai suka fara rubuta wa juna, suka zama jama'a.

Jagoran wannan jama'a wani malamin kimiyya ne a Jami'ar Wayne State da ke Detroit, Jerry Bails, wanda tun yana yaro ya ke ƙaunar tsofaffin sadaukan zamanin yaƙi, musamman ƙungiyar Justice Society. Shi da wani matashin malamin makaranta daga jihar Missouri, Roy Thomas, suka fara buga 'yar mujalla mai suna Alter Ego a 1961, suna aika ta ga adireshin da suka tsinta a shafin wasiƙu. Babban roƙonsu shi ne a komo da sadaukan da. A cikin shekarar nan aka buga wani labari a fitowa ta 123 ta Flash inda sabon Flash ya sadu da tsohon, aka bayyana cewa tsohon yana nan da ransa a wata duniya dabam mai kama da tamu. Wannan dabara ta yi wa manyan masu karatu daɗi matuƙa, gama ta tabbatar musu cewa abin da suka karanta suna yara bai ɓace ba, yana nan a ajiye cikin tarihi ɗaya da sabon. Daga nan aka kafa wata ƙa'ida da ta zama uwar yawancin gardamar masoyan wannan adabi, watau cewa duk abin da aka taɓa bugawa ya faru, kuma wajibi ne labarin yau ya dace da na jiya.

Kamfanin Marvel ne ya ɗauki wannan hulɗa ya kai ta wani matsayi. A ƙarshen 1961 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da Fantastic Four, a 1962 Lee da Steve Ditko suka fito da Spider-Man, sadaukai masu faɗa da juna, masu bashi, masu baƙin ciki irin na mutane. Lee ya mai da shafin wasiƙu kamar dandali. Ya hana a riƙa kiransa edita, ya ce a kira shi da sunansa, yana amsawa da barkwanci, yana tambayar masu karatu abin da su ke so. A cikin waɗanda aka buga wasiƙarsu a 1963 har da wani ɗan makaranta, George R. R. Martin, wanda daga baya ya shahara a rubutun ƙagaggun labarai.

Misali ɗaya ya isa ya nuna ƙarfin wannan shafi. A cikin sadaukan nan huɗu akwai mace guda, Sue Storm, wadda iyakar baiwarta ita ce ta ɓace wa gani. Masu karatu suka yi ta rubutowa cewa ba ta tsinana kome, sai dai a sace ta a je ceto. A fitowa ta 11, a farkon 1963, sai aka zana sadaukan suna buɗe wasiƙun masu karatu a cikin labarin kansa, ita tana kuka saboda abin da aka faɗa a kanta, abokan aikinta suna kāre ta, har suna kawo misali da mahaifiyar Abraham Lincoln, wadda ba ta yi yaƙi ba amma ta yi tarbiyya. Wannan amsa ba ta gamsar da kowa ba, mu ma a ganinmu kame-kame ce. Kafin shekara ta zagayo, a fitowa ta 22, aka ba ta ikon kafa katanga marar ganuwa da ke tare kowane hari, ikon da ya sa daga baya ta zama mafi ƙarfi a cikinsu. Masu rubutawa sun fara da gardama, sa'an nan suka bi.

Har wa yau Lee ya ƙago wata lambar yabo ta wasa da ya kira No-Prize, ma'ana kyautar da ba kyauta a cikinta, gama ambulan ne fanko a kan aika wa mutum. Sannu a hankali ƙa'idar samunta ta zama haka: mai karatu ya gano kuskure a labari, sa'an nan ya kawo hujjar da za ta nuna cewa ba kuskure ba ne. In an zana sadauki da tabo a kuncin dama alhali bara a hagu ya ke, sai ya ƙago dalili. A nan wayon ya ke. An mai da mai suka ya zama mai gyara, yana toshe wa kamfani ɓaraka kyauta, yana kuma jin cewa gidan nasa ne.

Mai nazarin adabin baka zai ga wani abu da ya sani a nan. In mai tatsuniya ta ba Gizo halin kyauta da riƙon amana, yara za su ce ba haka ya ke ba, domin sun san shi da wayo da haɗama tun kafin ta buɗe baki. Haka ma'abota Superman su ke: sun yarda marubuci ya kai shi ko'ina, amma in ya sa shi ya yi kisa ko ƙarya sai su ce wannan ba shi ba ne. Hali su ke tsaro. Amma akwai bambanci biyu da ba za a tsallake ba. Na ɗaya, Gizo ba shi da mai shi, Superman kuwa dukiyar kamfani ne, doka ta hana kowa taɓa shi sai da izini, don haka mai karatu ba shi da ikon ya ba da labarin yadda ya ke so a kasuwa, sai dai ya matsa wa mai iko. Na biyu, ba wanda ke tambayar yadda Gizo ya warke daga dūkan da ya sha a tatsuniyar jiya, amma mai karatun littafin zane yana da tsofaffin fitowa a akwati, zai ɗauko ya ce duba shafi kaza na shekara kaza. Takarda ta ba shi hujja, mallakar kamfani kuwa ta hana shi iko, to tsakanin waɗannan biyu zafin gardamarsa ke fitowa.

An ga wannan zafi a 1973. A fitowa ta 121 ta Amazing Spider-Man wani marubuci ɗan shekara ashirin, Gerry Conway, ya kashe Gwen Stacy, budurwar sadaukin. Abokin gabarsa ya jefo ta daga kan gada, Spider-Man ya harba zarensa ya kamo ƙafarta, da ya jawo ta sai ya tarar ta cika. Kafin wannan rana masu karatu sun saba cewa sadauki ba ya makara. Wasiƙun fushi suka yi ta zubowa. Sa'an nan gardama ta koma kan wata 'yar kalma da aka rubuta kusa da wuyanta a cikin zanen, mai nuna ƙarar karyewa: shin faɗuwar ce ta kashe ta, ko kuwa fizgar zaren mai ceto? Sai da editoci suka fito a shafin wasiƙu na fitowa ta 125 suka ce fizgar ce. Waɗansu masu kaifin ido ma sun lura cewa gadar da aka zana ta Brooklyn ce, amma sunan wata gada dabam aka rubuta. Conway ya ce Lee ya sha tsangwama wurin ɗalibai in ya je lacca a jami'o'i, har ya nemi a komo da ita. Abin da aka yi a 1975 shi ne aka kawo wata mai kamarta sak da wani masanin kimiyya ya ƙera, ita kuwa ta asalin aka bar ta a kabari. A nan masu rubutawa sun ba da rabi sun riƙe rabi, kuma abin mamaki, bayan shekaru masoyan da kansu suka zama masu tsaron wannan mutuwa, suna ƙirga labarin cikin mafi kyau.

A cikin shekarun 1970 kasuwar ta sake kama. A da a rumfar mai jarida da kantin unguwa yaro ke sayen littafinsa. Wani malamin makaranta na Brooklyn, Phil Seuling, ya shirya hanyar kai littattafai kai tsaye ga kantuna na musamman waɗanda ba su sayar da kome sai su. Masu zuwa irin waɗannan kantuna manya ne masu tarawa, waɗanda suka san tarihin kowane sadauki. A lokaci guda kuma masoyan jiya suka shiga ofis. Roy Thomas ya gaji Lee a kujerar babban editan Marvel a 1972. Jim Shooter, wanda ya fara sayar wa DC labari yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya hau wannan kujera a 1978. Paul Levitz, wanda ya buga mujallar masu sha'awa tun yana makaranta, ya zama shugaban DC a 2002. Daga nan ya yi wuya a ce ga iyakar mai rubutawa ga iyakar mai karantawa, abin ya zama masoya suna rubuta wa masoya. Wannan ya kawo zurfi ga labaru, amma ya sa baƙo da ƙaramin yaro suka rasa ƙofar shiga.

Matuƙar abin ita ce shari'ar Robin na biyu. Robin na farko, Dick Grayson, ya girma ya bar gidan Batman a 1984, aka sa wani yaro, Jason Todd, a gurbinsa. A 1987 aka sake masa asali, aka mai da shi ɗan titi wanda Batman ya kama yana kwance tayoyin motarsa. Yaro ne mai tsaurin ido, mai zafin zuciya, ba ya jin magana, har a wani labari aka bar mai karatu cikin shakka ko shi ne ya turo wani mugu daga saman bene. Editan Batman na lokacin, Dennis O'Neil, ya ga wasiƙu suna nuna cewa da yawa ba sa son yaron. Sai aka shirya wani gwaji da ba a taɓa yi ba. A cikin 1988 marubuci Jim Starlin ya kai labarin ƙasar Habasha, inda Joker ya lakaɗa wa yaron dūka da sandar ƙarfe ya bar shi cikin sito da bam. Fitowa ta 427 ta ƙare da fashewar bam ɗin, a ƙarshenta kuwa aka buga lambobin wayar tarho biyu: wanda ke son yaron ya rayu ya kira wannan, wanda ke son ya mutu ya kira waccan, kowane kira sent hamsin. Mai zane Jim Aparo ya riga ya zana ƙarshen iri biyu an ajiye. A watan Satumba, cikin kwana ɗaya da rabi, aka sami kira 10,614. Masu son mutuwarsa 5,343, masu son rayuwarsa 5,271. Da ratar kira 72 aka kashe shi.

Ya kamata a tsaya a auna wannan lissafi, gama sau da yawa a kan kawo shi a ce masu karatu ne suka kashe Robin. Ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kira aka ƙirga, ba mutane ba, mutum ɗaya yana iya kira sau goma in aljihunsa ya yarda, O'Neil ma da kansa ya ce ya ji labarin wani ya sa na'ura tana kira ba tsayawa, ko da ya ke bai iya tabbatarwa ba. Ƙaramin yaro kuwa, wanda shi ne aka ƙago Robin dominsa, sai ya nemi izinin iyayensa kafin ya taɓa waya. Dalilan masu cewa a kashe ma ba ɗaya ba ne: wani yana ƙin halin yaron, wani yana kishin Robin na farko, wani kawai yana so ya ga ko kamfanin zai iya. Da labari ya shiga manyan jaridu sai wata jama'a dabam ta taso, mutanen da suka daina karatun tun suna yara, waɗanda ba su ma san an yi Robin na biyu ba, suna ganin an kashe musu abokin ƙuruciya. O'Neil ya ce a lokacin ne ya gane cewa ba marubucin labaru kaɗai ya ke ba, amanar tatsuniyar al'umma ce aka ba shi. A 1989 aka kawo Robin na uku. A 2005 aka tā da Jason Todd daga matattu da sabon suna, Red Hood, ya kuwa sami masoya masu yawa, a kan halin nan da aka ƙi shi saboda shi. Shafin da Aparo ya zana na cewa ya rayu ya shekara talatin da biyar kafin a buga shi cikin labarin a 2023.

Irin wannan ta sake faruwa a kan Green Lantern. A 1994 aka mai da Hal Jordan mugu aka ba wani sabo, Kyle Rayner, zobensa. Masoyan tsohon suka kafa ƙungiya, suka yi ta rubutu da buga talla, ba su gaji ba har aka komo da shi a 2004, sa'an nan waɗanda suka tashi da Rayner su kuma suka ce an ƙwace musu nasu. Abin da kowane ɓangare ya kan manta shi ne Hal Jordan ma magaji ne, a 1959 ya karɓi sunan daga wani na 1940. In aka bi diddigi, sadaukin da mutum ya ke kira na asali galibi shi ne wanda ya tarar sa'ad da ya fara karatu.

Wanda zai yi bincike da shafin wasiƙu sai ya yi hattara. Edita ne ke zaɓen abin da za a buga, shi ke datsewa, shi ke da amsar ƙarshe, kuma yana sane cewa 'yar gardama tana ƙara ciniki. A farkon shafin wasiƙun Fantastic Four ma akwai wasiƙar da ma'aikacin kamfanin ne ya rubuta ta. Masu ɗaukar alƙalami su rubuta kuwa kullum tsiraru ne cikin masu saye, galibinsu maza waɗanda suka ɗan manyanta. Saboda haka abin da shafin ke nunawa shi ne ra'ayin masu ƙwazon magana bayan ya bi ta rariyar mai kaya. Duk da haka ba a sami madadinsa ba wajen sanin yadda aka karɓi waɗannan labaru a lokacin fitowarsu. DC ta daina buga shi a 2002.

Akwai wani fanni guda da ra'ayin masoya ya taɓa mutane masu jini a jika. Tun da su ne masu tara tsofaffin fitowa da bin sawun wanda ya rubuta da wanda ya zana, su suka fara tambayar inda maƙagan su ke. Siegel da Shuster sun kai ƙara a 1947 suna neman haƙƙinsu, suka rasa Superman, aka cire sunayensu, suka faɗa cikin talauci, Shuster kuma idonsa ya kusa tafiya. A 1975, da aka ji za a kashe maƙudan kuɗi a yi fim ɗin Superman, Siegel ya rarraba takardar kuka, masu zane biyu, Neal Adams da Jerry Robinson, suka ɗauki maganar suka kai ta jaridu da talabijin, masoya suka mara musu baya. A ƙarshen shekarar kamfanin Warner, mai mallakar DC, ya yarda ya riƙa ba kowannensu dala 20,000 a shekara, a kuma mai da sunayensu kan kowane labarin Superman.

Na Batman ya fi wannan jinkiri. Tun 1939 sunan Bob Kane kaɗai a ke bugawa, bisa yarjejeniyar da ya yi da kamfani. A 1965 Jerry Bails ya rubuta 'yar maƙala a mujallar masu sha'awa yana bayyana cewa wani marubuci, Bill Finger, shi ne ya tsara yawancin abin da aka san Batman da shi, kamar launin tufafinsa, da sunansa na gida, da labarin kisan iyayensa, da sunan birninsa. Kane ya mai da martani mai zafi yana musu. Finger ya rasu a 1974 ba shi da kome. A 1989 Kane ya amsa a tarihin rayuwarsa cewa abokin aikinsa ya cancanci a ambace shi, amma ba abin da ya canza a bangon littafi. Masoya suka ci gaba da maganar, wani marubuci, Marc Tyler Nobleman, ya bi sawu har ya gano jikanyar Finger, ita kuma ta nemi haƙƙin kakanta. A 2015, shekara hamsin bayan maƙalar Bails, DC ta fara buga sunan Bill Finger tare da na Kane.